Masu Juya wa Biki Baya: Aikin 'Yan Agaji a Dararen Hunturu

A duk taron da ya tara dubban mutane a Dutsin-Ma ko Kurfi, akwai wasu 'yan tsiraru da kan riga kowa zuwa, su kuma bar wurin bayan kowa ya watse, amma idan aka tambaye su abin da ya gudana a filin, da wuya su iya ba da cikakken labari. Dalili kuwa shi ne sun kwana sun juya wa bikin baya. Sha'iri yana can bisa dandamali yana bege, fitilu sun haske fili, ɗalibai suna wucewa sahu-sahu da tutoci, su kuwa idonsu yana kan jama'a: wa ke tura wani, ina aka cunkushe, wane yaro ne ya saki hannun uwarsa, wane babur ne ke neman kutsowa.

Su ne 'yan agaji. Ba su da albashi, kuma da yawansu da kuɗin aljihunsu suka ɗinka kakin da ke jikinsu. Nan da 'yan shekaru kaɗan aikin nasu zai ƙara nauyi, domin watan azumi, da duk tarukan dare da ke tafe da shi, yana gangarowa tsakiyar hunturu.

Azumi na komawa cikin ɗari

Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa kowane biki na addini yake zagaya damina da kaka da ɗari da bazara, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33. Shekarun baya kaɗan Maulidi ne ke cikin sanyi. A 2015 sau biyu aka yi shi, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, sannan a 2016 ya faɗo wajen 12 ga Disamba. Duk wanda ya raya waɗannan darare a fili ya san yadda jaura ke ratsa riga bayan ƙarfe biyu na dare. Yanzu Maulidi ya koma damina, domin a 2024 da 2025 cikin Satumba aka yi shi.

Azumi ne ya karɓi layi. A 2025 an ɗauke shi a farkon Maris, a 2026 cikin Fabrairu. Bisa lissafi, a 2028 zai kama a ƙarshen Janairu, a 2030 kuwa sau biyu za a ga watan Ramadan, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Ke nan tafsirin dare, da tarawihi, da tashen yara da ke farawa idan azumi ya kai goma, da tahajjudin goman ƙarshe, da hawan Sallah, duk za su riƙa zuwa cikin hazo da ƙura da sanyi.

Rabon da a ga haka tun tsakanin 1997 da 2000, kuma garuruwan wancan lokaci ba su ne na yau ba. A lokacin babu wayar salula a hannun jama'a, don sai a 2001 ta shigo. Babu Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ta jawo dubban ɗalibai da ma'aikata daga sassan ƙasar nan, ƙari a kan na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Babura ba su kai yawan na yau ba. Hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa ƙasar Kurfi ta shiga Dutsin-Ma ba ta ɗaukar motocin da take ɗauka yanzu, musamman ranar Laraba da kasuwar Dutsin-Ma ke ci. Yaran da za su fito tashe a 2028 za su tarar da titin da ya fi wanda iyayensu suka sani haɗari nesa ba kusa ba.

Inda ake jerin gwanon fitilu

Fita da haske cikin daren sanyi al'ada ce da ta game duniya. A Jamus, ranar 11 ga Nuwamba, ƙananan yara kan zaga unguwanni riƙe da fitilun takarda da suka haɗa a makaranta. A garin Burayitin da ke gaɓar teku a kudancin Ingila, ranar 21 ga Disamba, wato daren da ya fi kowane tsawo a shekara, mutane kan yi jerin gwano da fitilun da aka ƙera da tsumagiya da takarda, su ƙona su a bakin ruwa. A nan Afirka ta Yamma, birnin Sanluwi na Senegal yana da bikin Fanal a ƙarshen Disamba, inda ake jan manyan fitilu masu siffar gine-gine ana kiɗa. Mutanen Firitawun na Saliyo kuma a da sun shahara da jerin gwanon fitilu masu siffar jiragen ruwa da dabbobi a ƙarshen azumi. A Masar kuwa, fitilar fanus ita ce alamar shigowar Ramadan.

A Turai, masu shirya irin wannan biki kan nemi 'yan sa-kai tun da sauran makonni. A ba kowa riga mai ƙyalli, a yi masa bayanin hanyar da za a bi, a nuna masa inda zai tsaya da wanda zai kira idan wani abu ya faru. Ƙasar Hausa ba ta da bikin da aka keɓe wa fitila ita kaɗai, amma dararenta na taro ba sa rabuwa da haske. Da can aci-balbal ce da fitilar ƙwai, sai tocila ta zo, yau kuma ga fitila mai caji, da ta sola, da ƙwan lantarki masu launi-launi da ake jerawa a filin Maulidi ana ja da janareta. Masu tsaron irin waɗannan taruka kuwa sun daɗe da samuwa a nan, da kakinsu da kwamandojinsu da faretinsu.

Daga ina 'yan agaji suka fito?

Manyan ƙungiyoyin addini ne suka raini wannan aiki. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello, tana da rundunar agajinta. Fityanul Islam, wadda ta samo asali a Kano a 1963, tana da tata, kuma 'yan agajinta ne aka fi gani a tarukan Maulidi da na ɗariƙu. Ƙungiyar Izala, wadda Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ba ta yin Maulidi, amma 'yan agajinta ne ke riƙe da wa'azozinta da tafsiranta da filayen idi. Bayan waɗannan akwai 'yan sikawut, da 'yan sa-kai na ƙungiyar Red Cross, da matasan da kowace makarantar Islamiyya kan zaɓa su kula da ɗalibanta ranar zagaye.

Ko hukumomin gwamnati ma wasunsu daga sa-kai suka taso. Rundunar Sibil Difens ta faro ne a Legas a 1967, lokacin yaƙin basasa, tana wayar da kan jama'a kan yadda za su kare kansu, sai a 2003 doka ta mayar da ita cikakkiyar hukuma. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, har yau tana da reshen 'yan sa-kai da ke taya jami'anta aiki a kan titi.

A gari irin Kurfi, ɗan agaji ba baƙo ba ne. Tela ne, ko mai faci, ko malamin firamare, ko manomin da ya gama kai amfanin gona gida. Ya san wane lungu ne ke ɓullewa, wane ne ba ya ɓullewa. Idan yaro ya ɓata, sau da yawa kallon fuskarsa kawai zai yi ya ce wannan ai jinin gidan su wane ne. Wannan sanin gari shi ne jarin da jami'in da aka turo daga wani wuri ba shi da shi.

Aikin tun rana yake farawa

Taron dare mai tsari da rana ake gina shi. Masu shiri kan fara da sanar da iyayen ƙasa, daga mai unguwa zuwa dagaci har fadar hakimi, wato Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maradin Katsina a Kurfi, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda. Daga nan sai kwamandan agaji ya ɗauki 'yan mutanensa su taka hanyar da ƙafa. Abin da suke nema ƙanana ne a ido: kwalbatin da murfinta ya karye, ramin da aka haƙa aka bari, wayar lantarki da ta yi ƙasa har sandar tuta za ta iya taɓa ta, wurin da titi ya tsuke saboda rumfunan 'yan tireda, kaskon mai tuya da ke bakin hanya. Abin da kowa ke tsallakewa da rana ba tare da ya lura ba, shi ne ke karya ƙafa da dare.

Idan tafiya ta tashi, akan kasa 'yan agaji gida uku. Na gaba su ne masu buɗe hanya da tare mararraba, kuma su ne ke riƙe da saurin tafiyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan samarin gaba suka saki ƙafa, sai layi ya tsinke, ƙananan da ke baya su kama gudu don su cim musu, mai babur kuma ya ga sarari ya kutsa. Ƙa'idar ita ce a yi tafiya daidai da ƙafar mafi ƙanƙanta a cikin sahu. Na gefe su ne masu riƙe igiya ko sarƙe hannu, suna raba masu tafiya da 'yan kallo. Na baya kuwa su ne masu tsintar wanda ya gaji, da wanda takalminsa ya tsinke, da wadda ta tsaya ɗaure goyo, kuma su ne ke ba motoci izinin wucewa bayan mutum na ƙarshe ya shige.

Kayan aikin ba su da yawa: usur, tocila, igiya, amsa-kuwwa ta hannu, waya mai caji da kati, da akwatin taimakon gaggawa. Harshe ya fi su duka amfani. Ɗan agajin da ya iya aiki ba ya daka wa dattijo tsawa. Zai rusuna ya ce, “Baba, don Allah a ɗan matsa baya, yara za su wuce.” Ga mace ya ce, “Hajiya, ga hanyar mata ta nan.” Ga direban da ya ƙosa yana ta danna oda ya ce, “Yallaɓai, a yi haƙuri, saura makaranta biyu.” Faɗa wa mutum abin da ya rage ya fi ce masa ya jira kawai kwantar da rai.

Sai cigiya. Babu babban taron da ake gamawa ba a ji lasifika tana cewa ana cigiyar yaro ko an tsinci yarinya ba. Tsari mai kyau shi ne a keɓe wuri ɗaya mai haske kusa da dandamali, a sanar da shi tun farkon taro, a sa mutum biyu su zauna da yaron, kuma kada a miƙa shi ga kowa sai an ga yaron da kansa ya gane wanda ya zo ɗaukarsa. Malaman Islamiyya masu dabara kan rubuta sunan makaranta da lambar wayar malami a kati su maƙala wa kowane ƙaramin ɗalibi. A nan ne ake ganin amfanin mata 'yan agaji, domin ɓangaren mata ne ya fi yawan yara, kuma idan mace ta yanke jiki ta faɗi, 'yar'uwarta ce za ta iya sassauta mata hijabi ta duba ta.

Cunkoso ba ya sallama

Abin da ya fi ba masana tsoro a taro shi ne matsi. Masu nazarin cunkoson jama'a sun nuna cewa idan mutum biyar suka tsaya a filin da bai wuce mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi ba, an shiga haɗari. Idan aka kai shida ko bakwai, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, taro ne ke kai shi inda ya ga dama. Yawancin waɗanda ke mutuwa a irin wannan hali ba tattake su ake yi ba, ƙirji ne ke matsewa har numfashi ya gagara, wani ma yana tsaye. Haka ya faru a wani siririn lungu a birnin Seul na Koriya ta Kudu a daren 29 ga Oktoba 2022, inda mutum fiye da 150 suka rasu. A Najeriya, ranar 18 ga Disamba 2024 yara 35 suka mutu a turmutsutsun wani bikin yara a Ibadan, bayan kwana uku kuma aka sake rasa rayuka a wuraren rabon abinci a Abuja da Okija.

Darasin a fili yake. Na baya ba ya ganin abin da ke faruwa a gaba, saboda haka yi wa na gaba tsawa ba ya rage matsi. Dole a sami wanda ya hau wuri mai tudu yana hango taron gaba ɗaya, da wanda zai tsayar da masu shigowa tun daga nesa. Ƙofar fita ba a rufe ta, ba a kuma ajiye babura a bakinta. Wuri mafi haɗari a tarukanmu shi ne wajen rabon abinci ko sadaka, da lokacin da babban malami zai fita kowa yana son ya gaisa da shi. Waɗannan biyun ana tsara su tun kafin a fara, ba sai an ga mutane sun taso ba.

Hanyar zuwa da komawa ita ma tana cikin aikin. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwalekwalen da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau zuwa taron Maulidi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara, kuma lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Ƙasar Dutsin-Ma da ke da dam ɗin Zobe, da ƙauyukan da ke cika akori-kura da ɗalibai zuwa gari, ba ta da uzurin mantawa da wannan. Ɗan agajin da ya tsaya ya ce motar nan ta cika, a jira wata, ya yi aikin da ya fi na riƙe igiya.

Wuta, ƙura da sanyi

Hunturu lokacin gobara ne. Kara ya bushe, zana ta bushe, ciyawar da aka tara a kan rumfuna ta bushe, iska kuma tana kaɗawa. Cikin Disamba da Janairu sanyin dare a ƙasar Katsina kan sauka ƙasa da digiri 15, sai a ga an hura wuta a gefen fili ana jin ɗumi, yara masu kayan roba-roba da hijabai masu saurin kamawa suna kewaye da ita. Aikin ɗan agaji ne ya nisanta wutar daga rumfa da tabarmi, ya ajiye bokitin ruwa da na yashi, ya hana zuba wa janareta fetur yana aiki, ya kuma tabbatar hayaƙinsa ba ya shiga inda mutane ke zaune a rufe.

Idan an ƙone, magani na farko ruwa ne mai sanyi mai tsabta, a yi ta kwararawa har kamar minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da ake shafawa ba sa ƙara komai sai wahalar wanke ciwon. Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe, a janye mutane ya sami iska, kada a ɗura masa ruwa. Ƙurar da dubban ƙafafu ke tayarwa kan tada asma, don haka yayyafa wa fili ruwa da yamma da raba takunkumi ga tsofaffi ba ƙawa ba ce. Kafin taro ya fara, ya kamata a san motar da za ta ɗauki mara lafiya, da direbanta, da hanyar da za ta bi zuwa babban asibiti ba tare da ta ratsa cikin jama'a ba.

Iyakar ɗan agaji

Ba a maganar taron dare a wannan yanki a tsallake tsaro. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a Satumba 2021 saboda 'yan bindiga. A Oktoba 2023 Gwamnan Katsina Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha don taya sojoji da 'yan sanda aiki. Wannan fagen nasu ne. Ɗan agaji ido ne da kunne: ya lura da baƙuwar fuska ko kayan da aka ajiye ba mai su, ya sanar da jami'an tsaro, ya kuma taimaka a tashi taro a kan lokaci don mutanen ƙauye su koma da wuri ko su kwana a gari. Babbar gudummawarsa a irin wannan yanayi ita ce kashe jita-jita, domin ihun “ga su nan” daga bakin mutum ɗaya ya isa ya sa a tattake yara ko da babu kowa.

Kano ta nuna abin da ke faruwa idan aka bar taron dare ba mai kula. A shekarun baya-bayan nan rundunar 'yan sandan jihar ta sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. Garin da ke son yaransa su ci gaba da tashe, sai ya sa manya biyu ko uku su riƙa bin kowace tawaga da tocila, a kuma yanke lokacin komawa gida.

Su ma 'yan agajin akwai gyara a wajensu. Jama'a kan koka da wanda kaki ke hau masa kai, ya ɗaga bulala kan yara, ko ya buɗe wa nasa hanya ya hana na wani. Fareti yana koyar da biyayya ga umarni, amma ba ya koyar da karanta taro ko tsayar da jini. Wannan horo ne daban, kuma masu ba da shi suna kusa: ma'aikatan asibiti, da jami'an kashe gobara, da na kiyaye haɗurra, da malaman jami'a da kwaleji da ke cikin Dutsin-Ma.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin Dutsin-Ma da Kurfi ba. Majalisun ƙananan hukumomin biyu su shirya bitar kwana ɗaya ko biyu cikin Sha'aban, a haɗa 'yan agajin kowace ƙungiya a zaure ɗaya ba tare da duba aƙida ba. 'Yan kasuwar da ke ciyarwa da azumi su ware wani abu don riguna masu ƙyalli, da tociloli, da rigunan sanyi, da kayan taimakon gaggawa. Ɗalibai maza da mata da ke zaune a garin su je su ba da sunansu. Iyaye kuma, duk wanda zai saki ɗansa ya fita da dare, ya tambayi wane babba ne zai bi su, ya karɓi lambar wayarsa kafin yaron ya bar ƙofar gida.